Yadda Tsumman Goge Kwamfuta Ya Kusa Raba Ni da Malam Bala

Yanzu na iso shekarar da aka kawo mana kwamfuta. Ina so ku karanta wannan babin a tsanake, musamman kai Mustafa da ke Hauwa, domin ku ne kuka yi wayo a lokacin, kuka ji rabin magana a zaure kuka riƙe ta. Har yau akwai wanda in an ambaci Babanku Bala sai ya ce, ai shi ne wanda aka taɓa samun matsala da shi a ƙungiya. Ba a taɓa samun matsala da shi ba. Da ni aka samu. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a jikin sito a nan Ikara, amma mutanenmu sun kai har Makarfi da Kudan, masu tumatir da masu barkono da masu rake. Malam Bala shi ne mataimakina. Ɗan asalin Likoro ne, amma a nan yake zaune tun kafin in auri mahaifiyarku, shi ma ya raba goro ranar ɗaurin aurenmu. Sai wani shirin tallafin noma ya zo da labarin cewa za a ba manoma iri da injin ban-ruwa, amma sai wanda sunansa ya shiga kwamfuta. Aka kai mu Zariya, ni da shi, kwana uku ana koya mana. Ni da karatuna bai wuce firamare ba, na zauna gaban gilashi, na danna baƙaƙen sunana da yatsa ɗaya, sai ga shi ya fito ɓaro-ɓaro! Wallahi ranar ji na yi kamar an ƙara mini tsawo. Na dawo gida ban ko cire takalmi ba na fara ba mahaifiyarku labari, har tuwo ya huce.

Malamar da ta koya mana ta faɗi dokoki, ni kuma na rubuta su guda bakwai a bayan littafina, kowace da lambarta. Biyu daga ciki suka shafi wannan labari. Ta huɗu: kwamfuta ba ta ɗaukar babban baƙi da ƙaramin baƙi abu ɗaya, kalmar sirrinmu kuwa duk ƙananan baƙaƙe ce. Ta biyar: in aka yi kuskuren kalmar sau uku a jere, kwamfuta za ta kulle sai washegari, in kuma ofishi ya kulle har sau uku, za a ɗauke aikin a mayar Makarfi, mutanenmu su riƙa bin layi a can. Mu biyu kaɗai muka san kalmar, kuma mu biyu kaɗai ke da makullin ofis.

Ranar da aka sauke kwamfutar daga mota, ofis ya cika har taga. Bayan an watse na yi abu uku. Na farko, na sa kafinta ya gyara ƙafar tebur. Na biyu, na rubuta KADA A TAƁA a guntun takarda, na manna ta da gam a jikin kibod, wato allon nan mai maɓallai da ake rubutu da shi, a kusurwar sama ta dama inda na ga babu maɓalli. Na uku, na roƙi mahaifiyarku tsumma. Ta yanko mini daga tsohuwar atamfarta mai ruwan ganye, ta kalmashe bakinsa da zare da allura. Sitonmu a nan ake ɗura busasshen barkono da taki a buhu, garinsu kuwa ba inda ba ya shiga. Don haka kowace safiya sai na goge kibod ɗin: layi ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, sau ɗaya tak, kuma da ɗan ƙarfi don ya fita. Na lura in kwamfutar tana kunne shafar tana zuba ɗige-ɗige a akwatin kalmar sirri, sai in share su tas kafin in fara. A ganina ba abin da ya rage ban kiyaye ba.

Makon farko babu wuta a unguwar, da janareta muka yi aiki, komai lafiya lau. Ina buga kalma, tana buɗewa, ina shigar da sunaye, manoma suna leƙe ta bayan kafaɗata suna cewa, ga ni nan, ga ni nan! A mako na biyu, wata safiya, na buga kalmar ta ce ba ita ba ce. Na sake, ta ƙi. Na gyara zama na yi bisimilla na sake, sai ta kulle. Mutane sun taso tun daga Kurmin Kogi, haka suka koma. Bayan kwana uku ta sake yi mini haka. Kulli biyu ke nan, saura ɗaya a ɗauke mana aiki. Daga ranar na kafa wa kaina doka: in ta ƙi sau biyu, ba zan yi na uku ba, sai in kashe ta in zauna.

Malam Bala kuwa sai bayan azahar yake zuwa, in ya taso daga fadama. Ya shigo da laka a ƙafar wando, ya same ni zaune na haɗe rai, ya kunna ta, ko hannu bai goge ba ya buga kalma, ta buɗe masa nan take. Sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu.

Ya ce, "Sakatare, ko dai kana tsorata ta ne da wannan fuskar? Ka ɗan yi mata murmushi mana."

Na ce, "Faɗa mini kalmar da kake bugawa."

Ya raɗa mini a kunne. Ita ce dai wadda na sani, baƙi da baƙi.

Na ce, "To ni ma ita nake bugawa."

Ya ce, "To wallahi sai dai in ba ta son warin man shafawarka."

Yana dariya, manoman da ke bakin ƙofa suna taya shi. Ni ban yi dariya ba. Kun san ni. Na duba doka ta huɗu ya fi sau goma, na kuma tabbata ban taɓa neman babban baƙi ba, domin na san sai an danne wani maɓalli da yatsa ɗaya a buga da ɗayan, ni kuwa da yatsa ɗaya nake rubutu. Lambar wayar malamar Zariya tana cikin littafina, amma ban kira ba. Ban so a ce sakataren Ikara ya kasa buɗe kwamfuta. Ku rubuta wannan a matsayin kuskurena na farko.

Na biyun ya fi muni. Mutanen Likoro hanyarsu da nisa, sai da rana suke isowa, daidai lokacin da Malam Bala ke kan kujera. Na Malikanchi da Kurmin Kogi kuwa da sassafe suke zuwa, su tarar da ni da kwamfuta a kashe, su gaji su tafi. Sai magana ta fara yawo cewa sunayen Likoro ne kawai ke shiga. Wani ya ja ni gefe a kasuwa ya ce, Malam Yusha'u, mutumin nan ya canza kalma ya bar ka da tsohuwa, ranar da ya ga dama ya mayar maka. Ban san ko ana iya yin haka ba, amma maganar ta zauna mini daidai, domin ta wanke ni. Na je wurin ciyaman ɗinmu, Alhaji Idi, na ce a kira taro ranar Alhamis, ina da takardar ƙorafi a kan mataimakina. Kafin ranar kuma na tare Malam Bala a ƙofar ofis, gaban mutane, na ce ya ba ni makulli.

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Yusha'u, ni?"

Shekara talatin bai kira ni da sunana tsirara a gaban jama'a ba.

Na ce, "Sai bayan taro."

Ya kwance makullin daga jikin na babur ɗinsa, ya ɗora a kan taga bai miƙo mini a hannu ba, ya tafi. Kafin magariba labari ya kai Likoro cewa an kama Bala da ha'inci.

Ranar Laraba bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina gyara takardar, na jera laifuffuka guda biyar, mahaifiyarku tana tankaɗe a gefe. Ban taɓa ba ta labarin ofis don neman shawara ba, ita ma ba ta saba sa baki ba. Ranar ta sa. Ita Baban su Asiya take ce wa Malam Bala.

Ta ce, "Malam, duk wannan abin da Baban su Asiya ya yi ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Ka gani da idonka?"

Na ce, "Na ga tana buɗe masa, ni tana ƙi."

Ta ce, "Kullum take ƙi maka?"

Na ce, "Ba kullum ba."

Ta ce, "To ni in tuwona ya yi gudaji yau, jiya bai yi ba, ba na zuwa gidan maƙwabta in tambaya. Tunawa nake me na yi jiya da ban yi yau ba. Kai da kake rubuta har lokacin da ka buɗe taga, ina littafin naka?"

Na yi mata tsawa na ce kwamfuta ba tukunya ba ce. Ta ci gaba da tankaɗenta. Amma da ta shiga ɗaki sai na jawo littafin aikin yau da kullum, wanda nake rubuta komai a ciki. Na ja layi a tsakiyar takarda, ranakun da ta buɗe mini a dama, ranakun da ta ƙi a hagu. Na duba ko ranar mako ce, ba ita ba. Na duba ko lokacin isowata ne, ba shi ba. Sai idona ya faɗa kan ɗan abin da nake rubutawa a ƙarshen kowane layi saboda man janareta: an tada inji, ko kuwa akwai wuta. Duk ranakun dama, an tada inji. Duk ranakun hagu, akwai wuta. Duka! Babu ko ɗaya da ta saɓa. Na miƙe tsaye har littafin ya faɗi. Malam Bala ba shi ke kawo wuta Ikara ba, ba shi ke ɗauke ta ba. To me nake yi ranar wuta wanda ba na yi ranar inji? Na zagaya tsakar gida sau uku ina lissafa safiyata da yatsu, sai na tsaya cak. Ranar inji, don kada mai ya ƙone a banza, sai na gama goge-gogena kaf sannan in tada inji in kunna. Ranar wuta kuwa ina shiga nake kunna ta, in buɗe taga, in share ƙasa, sannan in goge kibod tana kunne.

Na ce da ƙarfi, "Tsumma!"

Mahaifiyarku ta leƙo ta ce, "Wani kake so in yanko?"

Alhamis ana sallame asuba na nufi ofis da sauri har ina tuntuɓe. Taro ƙarfe goma ne. Na tarar akwai wuta. Na zauna na tsara gwajin a takarda kafin in taɓa komai, domin kuskure biyu kawai nake da shi, na uku ya tafi da aikin Makarfi. Na farko: na kunna, tsumma yana aljihu, na buga kalma. Ta buɗe! Na biyu: na kashe, na kunna, na goge kamar kullum, na share ɗige-ɗigen, na buga kalma. Ta ƙi. Kuskure ɗaya ya tafi, amma ban taɓa murnar ƙin kwamfuta irin ta ranar ba. Na uku: na ce ba zan sake rubutu a akwatin da ke ɓoye baƙaƙe ba. Akwai akwatin suna a samansa, wanda kullum a cike muke samunsa, ba ma taɓa shi. Na share sunan, na buga baƙi uku a wurin. Sai ga su sun fito manya-manya, tsaye kamar sojoji, alhali ban neme su ba! Ashe duk kwanakin nan ihu nake yi wa kwamfuta da manyan baƙaƙe, ɗige-ɗige suna rufa mini ido.

Na huɗu: na kashe na kunna, na goge layin sama kaɗai, na gwada a akwatin suna, ƙanana. Na goge layin tsakiya, na gwada, manya. Na bi layin maɓalli ɗaya-ɗaya daga hagu, ban ma yi nisa ba, na farkon ne: wani mai ɗan faɗi a gefen baƙin A, daidai inda tsummana ke fara sauka. In ka danna shi sau ɗaya, duk rubutu ya koma manya ya zauna a haka. In ka sake dannawa, ya dawo. In an kashe kwamfuta kuma ya saki da kansa, shi ya sa Malam Bala ke samunta lafiya. Na danna, manya. Na danna, ƙanana. Na yi ta yi ni kaɗai ina dariya kamar wanda ya tsinci abu. Ana cikin haka na lura duk sanda na danna, wani ɗan haske kore yana bayyana a ƙarƙashin takardar da na manna. Na sa farce na ɓanɓare ta. Ƙananan fitilu ne guda uku a wurin, ɗaya aikinta ke nan, ta gaya maka an kunna manyan baƙaƙe. Tun ranar farko take yi mini magana, ni kuma na rufe mata baki da KADA A TAƁA.

A nan dariyar ta tsaya, domin na tuna takardar da ke aljihuna. Zan gaya muku gaskiya, zuciya ta kawo mini hanya mai sauƙi. In ce na janye ƙorafi saboda zumunci, kwamfuta kuma ta gyaru. Da an yaba mini da haƙuri, shi kuma ya rayu da tabon. Na zauna da wannan tunani har rana ta haska taga. Sannan na mayar da sunan ofis a akwatinsa, na kashe kwamfutar, na ninke tsumma.

Ƙarfe goma aka hallara a inuwar sito. Malam Bala ya zauna can ƙarshen benci da 'yan'uwansa biyu da suka zo daga Likoro, ko inda nake bai duba ba. Bayan addu'a Alhaji Idi ya ce in karanta takardata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na kama mai laifin. Yana cikin ofis. Ina roƙo a shigo a gan shi."

Aka dunguma, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a taga. Na yi musu gwajin tun daga na farko har na ƙarshe, ina faɗin lambar kowane. Da manyan baƙaƙen suka fito sai ɗakin ya ɗauki salati. Na ɗaga tsumman sama.

Na ce, "Ga shi nan. Ga kuma hannun da ke riƙe da shi. Malam Bala bai canza komai ba. Na zarge shi a kan abin da ban gani ba, na karɓe masa makulli a gaban mutane. A gaban mutane nake roƙon ya yafe mini."

Na yaga takardar, na miƙa masa makulli da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon ɗan hasken nan kore.

Ya ce, "Danna in gani."

Na danna, ya mutu. Na danna, ya kama.

Ya ce, "Wato shekara talatin ɗin tamu, wannan ɗan abin ne ya fi ta nauyi?"

Na ƙara miƙa masa makullin.

Ya ce, "Na yafe. Amma maganar ba a ɗakin nan ta tsaya ba, Sakatare. Tsohuwata tana Likoro, kwana biyu ba ta fita ko ƙofar gida ba. Gobe Juma'a. Ka je ka faɗa a can."

Na ce, "Zan je."

Ya ce, "Makulli kuma riƙe abinka. Ba ni tsumman."

Washegari na cire kibod ɗin, na naɗe shi a ɗankwalin mahaifiyarku, na hau bayan babur ɗinsa har Likoro, shi yana tuƙi ni ina rungume da kibod ɗin kamar jariri. Bayan an sauko daga masallaci na nemi izinin liman da dattawa, na tsaya a fili na ɗaga kibod ɗin, na nuna maɓallin, na faɗi komai da lamba. Rabin mutanen ba su taɓa ganin kibod ba, amma kowa ya gane cewa sakatare ne ya yi kuskure, ba ɗansu ba. Daga nan aka kai ni wurin tsohuwar. Na durƙusa na gaishe ta, na maimaita. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To Allah ya shirye ka, ɗan nan," ta sa aka kawo mini fura. Ban taɓa shan fura mai wuyar haɗiya da daɗi a lokaci guda irin wannan ba.

Aikin bai tafi Makarfi ba. Mun shigar da sunan kowa, na Malikanchi da na Kurmin Kogi da na Likoro, kuma na ƙara doka ta takwas a littafina: a duba fitila kafin a buga kalma. Amma Malam Bala bai sake karɓar makullin nan ba. Ya ci gaba da zuwa yana taya ni, sai dai in na buɗe ya shiga, in zan rufe ya fita, har muka bar ƙungiyar. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban ce an zalunce ni ba.

Don haka duk wanda ya ƙara cewa a gabanku an taɓa samun matsala da Babanku Bala, ku gyara masa, ku ce mahaifinmu ne, shi ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta. Tsumman kuwa yana nan a zaurensa, ya koɗe har ruwan ganyen ya tafi. Ko makon jiya da na je gaishe shi, sai da ya zaro shi daga bayan buta, ya shafa benci a hankali daga wannan baki zuwa wancan, sannan ya nuna mini.

Ya ce, "Bisimilla, Sakatare, zauna. Daga hagu zuwa dama, sau ɗaya tak."